Gadon Da Bai Kwana A Waje Ba

Ranar da na fara ganin bututan nan ban daɗe da aure ba, ban kuma daɗe da zuwa Arlit daga Damagaram ba. A bayan kasuwa ne, wajen masu sayar da tsofaffin ƙarafa. Rana ta bugi wasu dogayen bututai suna sheƙi kamar azurfa, na tsaya ina kallonsu har mai kabu-kabun da ya kawo ni ya gaji da kirana. A lokacin ni yarinya ce da littattafan soyayya suka raina, duk direban kamyo, babbar motar kaya, da zai sauka Kano sai na ba shi sautunsu. A cikinsu amarya kullum tana da gado mai rumfa da farin labule yana kaɗawa. Ni kuwa katifa ce a ƙasa cikin ɗakin haya, maigidana yana tuƙa bas ɗin da ke kai ma'aikata wurin haƙar uraniyom, ya dawo a gajiye ko hira ba ya iyawa. Sai na sa wa raina cewa in dai gadon ya samu, sauran abin da na karanta ma zai biyo baya.

Layinmu yana da wata al'ada da na tarar. Duk ƙarfen da aka sayo a wajen nan, tukunya ce ko ƙyaure, ba ya shiga gida sai ya kwana a ƙofa, da safe wani tsoho maƙwabcinmu ya zo ya bi shi da wata 'yar na'ura. Mutumin Abzin ne, a ramin haƙa ya ƙare ƙuruciyarsa, yana magana yana tari. Na'urar muna ce mata gyare, don idan ta ji ƙarfen da ya fito daga wurin haƙa ɗauke da gubar da ido ba ya gani, sai ta kama kuka. Ba ya karɓar komai sai kofin shayi. Matarsa ce ta karɓe ni ranar da aka kawo ni, ita ta nuna mini lokacin da ruwa ke zuwa famfo, tana kirana ɗana ina dariya, don Hausarta ba ta raba mace da namiji, ni kuma ina ce mata Inna.

Sai siyasa ta shigo layin. Ba zan faɗi wane ɓangare ne wane ba, don har yau muna zaune tare. Abin da na gani shi ne fadar mazan da ke shan shayi a gindin katanga ta tsage biyu, kowa da butarsa. Waɗancan suna kiran namu 'yan tafi, namu suna kiransu karnukan baƙi. Maigidana da abokansa suka ce maganar guba ƙirƙira ce ta masu son a rufe aiki talaka ya mutu da yunwa, tsohon nan kuma kayan aikinsu ne, yana yawo da gwangwani yana tsorata mata. Ya rantse gyare ba zai ƙara zuwa ƙofarsa ba, mai gyaren ma kada ya taka masa zaure. Gaskiyar da nake jin kunyarta ita ce abin daɗi ya yi mini. Na ga kaina kamar matan cikin littafi, waɗanda ke tsayawa bayan masoyinsu duk duniya tana gefe guda.

Na sayi bututan ina da ƙaramin ciki. Mai walda ya haɗa mini gado yadda na kwatanta masa, na sa aka shigo da shi gunduwa-gunduwa a naɗe cikin tabarmi, da tsakar rana lokacin da zafi ya kora kowa ɗaka. Bai kwana a waje ba. Da la'asar Inna ta leƙo ta kan katanga ta tambaye ni bugun me ta ji. Ta ce in bar Baba, tsohon nata, ya duba, ko ta baya ne za ta karɓo gyaren ta zo da kanta, babu mai sani, ita ba ruwanta da wanda mijina zai zaɓa, cikina take ji. Na ce mata ta riƙe siyasarta a gidanta, na ƙara wa rediyo murya. Ba ta daina miƙo mini cuku ta kan katangar ba, ni kuma ban daina ba akuyar gidan ba.

Abin da ke tayar mini da hankali in na tuna shi ne babu abin da ya faru. Gadon ba ya wari, ba ya zafi, sanyi ma gare shi. Na ɗaura masa farin labule, na kwanta a kansa har cikina ya tsufa. Hanyar gida ta yi nisa kuma ta lalace, don haka a Arlit na haihu, na samu 'ya mace, na kwantar da ita a wajen kan gadon inda ya fi kyau.

Ranar suna maigidana ya raba dabino ga mutanensa kawai. Da hantsi sai ga waɗancan ma sun zo, suka zauna a bakin tabarma, don ba a korar mutum daga wurin addu'a. Ina ɗaka cikin mata sai Inna ta kutso da kwano rufe da faifai, tana tsokanar kowa, wai a matsa mata ta ga ƙawarta, ta ji an ce hancin uban ta ɗauko, Allah ya sa ba ta ɗauko taurin kansa ba. Mata suka yi dariya. Ta zauna a bakin gadon ta ajiye kwanon, sai kwanon ya fara kuka. Da fari ɗai-ɗai, kamar ana ƙyasta ashana. Ta tura shi a hankali zuwa inda jaririyar ke kwance, kukan ya haɗe ya zama ɗaya ba yankewa. Dariyar ta mutu. Inna ta sure yarinyar ta danƙa mini, ta ce ba lokacin kuka ba ne, ɗana, fita da shi waje.

Maigidana ya shigo idonsa ja. Tsohon yana tsaye a ƙofar gida, bai tsallako zauren da aka hana shi ba. Daga can ya ɗaga murya ya ce ya yarda a zage shi har magariba, a zaɓi wanda aka ga dama, amma a fara fitar da gadon tukuna. Babban abokin maigidana, wanda ya fi kowa iya zagi a fada, ya fizgi gyaren daga cikin kwanon ya ce yau zai tona asirin wannan wasan. Ya kara shi a bokiti, shiru. Ya kara a ƙyaure, shiru. Ya kara a gadon, gyare ya ɓarke da kuka. Shi ne ya fara tuɓe babbar rigarsa ya nemi a miƙo masa guduma.

Tsohon ya kori samari daga ɗakin, ya ce wannan aikin na waɗanda ƙirjinsu ya riga ya ƙare ne, wanda bai gama haihuwa ba ya tsaya waje. Dattawan ɓangarorin biyu suka kwance gadon, ɗaya ya riƙe ɗaya ya buga, ba mai kallon idon wani. Suka ɗora shi a amalanke da katifar da labulen duka, tsohon ya ja jakin da kansa suka nufi bayan gari. Da suka dawo aka ci ragon suna a tabarma ɗaya, ba hira. Kada mai karatu ya ɗauka sun shirya. Har gobe butocin shayi biyu ne a gindin katangar, ana jifan juna da magana. Amma tun ranar ƙarfe ya koma kwana a ƙofa, har a ƙofarmu.

Ina rubuto wannan ne don 'yan'uwana mata, musamman masu zuciya irin tawa, da ke ganin gaba da maƙwabci wata alamar soyayya ce ga miji. Waɗanda muke tafa wa da waɗanda muke zagi duk suna nesa, babu wanda ya san ɗakin da muke kwana. Wadda ta ji bugun guduma ta kasa zama ita ce ta bayan katanga, wadda na wulaƙanta. Ku yi gardamarku a fada, amma kada ku bari ta taɓa abin da layi ya saba yi don tsare rayukan 'ya'yansa.

'Yata yanzu ta shiga lakwal. Ta fi duk 'yan ajinsu ƙanƙanta, tana saurin gajiya, wani lokaci tana cikin wasa sai jini ya ɓalle mata ta hanci. Likitoci a Agadez sun ce ba za su iya cewa gadon ne ba, ba kuma za su iya cewa ba shi ba ne, sai dai a riƙa kawo ta ana auna jininta. Duk lokacin tafiya, wani direba daga ɓangaren da maigidana ke zagi ne ke ajiye mana kujerar gaba. Awon da aka yi na baya bai yi musu daɗi ba, sun ce mu dawo da wuri. Jibi za mu kama hanya. Duk wanda ya karanta wannan, ko daga wane ɓangare yake, ya sa mini ita a addu'a.