Ranar da Na Tura Injiniya Benin ta Sama

Ko da tsufa zai sa in manta sunayen jikokina, ba zan manta ranar da na tura mutum ƙasar Benin ta sama ba.

Lokacin ina tuƙa kwale-kwale a Lolo, kafaɗun nan ba su fara ciwo ba. Akwai wani ɗan kudu da ya zauna garinmu, injiniya mai gyaran injin ban-ruwa. Mutumin kirki, sai dai da haukarsa guda: yana da wata ƙatuwar laima mai igiyoyi, ba inji. Mota ke jan shi a fili har ya ɗaga, sai ya saki igiya, iska ta riƙe shi kamar shirwa. Ran Lahadi in ya taso coci, gari duk a fito kallo. Kai, an yi zamani.

Wata Lahadi a farkon damina ya kira ni, waya biyu a hannu, kowace da manhajar duba yanayi. Ɗaya ta ce lafiya lau har la'asar. Ɗayar, wadda aka yi don masu tashi irinsa, ta nuna iska mai ƙarfi daga gabas, can sama, kafin azahar.

"Sarkin ruwa," ya ce, haka yake tsokanata, "sun yi gardama. Raba mana."

Kaina ya kumbura. Na dubi kogi, kwance kamar tabarma. Na ɗebi ƙasa na watsa, ta zubo a ƙafata.

"Oga, aje ta biyun nan. Waya ta taɓa riƙe filafili? Hau abinka."

Ya hau. Da fari gwanin sha'awa. Can sai laima ta karkata yamma tana ƙanƙancewa, ta wuce gonakin shinkafa, ta wuce shingen iyaka. Mu a ƙasa ko ganye ba ya motsi. Matarsa ta cafki rigata: "Malam, ina mijina za shi?" Ga shi takardunsa na shaida duk suna mota.

Na ari babur na bi. Sai bayan la'asar na same shi a wani ƙauyen Dandawa cikin Benin, ƙafa a karye an ɗaure da kara, jandarma biyu, 'yan sandan can, a kansa suna son jin ta wace hanya ya shigo. Da ƙyar mai garin, wanda na saba tsallakarwa ran kasuwa, ya sa baki aka sake shi.

A hanya na ce, "Oga, ni na cuce ka."

Ya yi dariya yana cije leɓe. "Ba kai kaɗai ba. Ni ma wadda ta faɗi abin da raina ke so na saurara."

Ya koma garinsu da ɗingishi, kuma har yau ina kewarsa. Iskar bisa ruwa na sani, ita ta ciyar da ni. Ta sama ban san ta ba, girman kai ya hana in faɗa. Tun ranar, duk abin da ya wuce bakin kogi, "ban sani ba" nake cewa. Ba ta da daɗi a baki, amma ba ta karya ƙafar kowa.