Malam Hammanjoda, Ina Sauran Rijiyoyin Babana?

Ran Talata, goma sha huɗu ga Oktoba, 1997, ina cikin aji ina rubuta jimla a allo, aka leƙo ta taga aka ce mini Malam Hammanjoda Umar na Sintali ya rasu bayan sallar asuba. Daga wurin Allah muka zo, can kuma za mu tarar da juna. Na ajiye alli na zauna a bencin ɗalibai, ban san tsawon lokacin da na ɗauka a wurin ba. An ce jinyar kwana tara ce, ciwon ƙirji. Ban ji labari ba, Malam, don ka hana a gaya wa kowa, kamar yadda ka saba.

Yau kwana ashirin ke nan. Da a makon farko na rubuta wannan ta'aziyya, da yabo ne zalla daga sama har ƙasa. Yanzu kuwa na buɗe akwatinka na ga abin da ke ciki, kuma kai ka koya mini cewa idan mutum ya riƙe biro kada ya rubuta abin da ya san ba haka yake ba. Zan yabe ka, don ka cancanci yabo. Sannan zan gaya maka abin da ka yi mana.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce Jemima, malamar firamare, 'yar Baba Manga mai haƙa rijiya na Nukkai. Malam Hammanjoda shi ne hedimastanmu. Ina aji shida mahaifiyata ta rasu, Baba ya ce karatu ya isa haka, in dawo in riƙe gida. Ka hau kekenka ka zo har Nukkai, aka ce maka Baba yana wurin aiki, ka bi shi, ka tarar da shi can ƙasa cikin rijiya gaba takwas. Da wani ne, da ya ce zai dawo gobe. Kai kuwa ka tuɓe babbar rigarka ka rataye a reshe, ka karɓi igiya kana jawo masa gugan ƙasa, kana yi masa magana ta bakin rijiyar tun hantsi har la'asar. Baba ya sha ba da labarin yana dariya, yana cewa, "Wannan malam, in ban yarda ba, ba zai bari na fito ba." Da tafin hannunka ya sale na koma makaranta.

Ranar da aka kai gawar mijina Job coci, a 1989, ka zo. Ka tsaya a ƙofa ka cire takalmanka kamar za ka shiga masallaci, ka zauna a benci na ƙarshe har aka tashi. Mutane sun yi ta kallon ƙafafunka, ni kuwa ban taɓa mantawa ba. Kuma babu wanda ya san yawan wasiƙun da ka rubuta wa mutane a zaurenka, na neman aiki da na ɗan da ya tafi soja da na ƙorafin fili. Wasiƙar mutane kam kana gamawa, ka sa a ambulan, wani lokaci kai da kanka ka kai gidan waya.

Littattafanka ne ba ka gamawa, kuma duk Jalingo ta sani. Akwai tarihin makarantarmu. Akwai na sunayen ciyayi da Fulatanci da Hausa da Mumuye. Akwai labarin wani direban tifa a hanyar Yola wanda ka shekara goma kana tuƙa shi bai isa ba. Duk wanda ya tambaye ka, amsarka ɗaya ce, "Saura kaɗan." Har malamai suka sa maka Malam Saura Kaɗan, ka ji, ka yi dariya, ka ce sunan ya fi na yanka daɗi. Mu ma dariya muke yi, don a ganinmu abin bai cuci kowa ba.

Da ka yi ritaya a 1992, garin ya riga ya zama hedikwatar jiha, ko'ina sai gini. Ana cike tsofaffin rijiyoyi da ƙasa ana ɗora bulo a kai. Kai ka zo da maganar rubuta tarihin rijiyoyin Baba, ba mu muka roƙe ka ba. Ka ce Baba ya haƙa rijiya sittin da uku tsakanin Nukkai da Sintali da Iware, ya san gaba nawa kowace take, ya san inda marmara take da inda rairayi ke yaudarar mutum, ya san wanda ya sa aka haƙa da wanda ya sha ruwan farko. Ka ce idan ya tafi da wannan a cikinsa, garin nan ya yi asara. Baba bai iya karatu ba, kuma ba mai yawan magana ba ne. Sai da ka yi zuwa uku kafin ya buɗe baki.

Daga nan kowace Asabar kana gidanmu, gindin mangwaro, daga hantsi zuwa azahar, har shekara uku. Ni nake naɗe maka bangon littattafan rubutu da takardar buhun siminti don kada su yage, ni nake rubuta "Rijiyoyin Baba Manga" a goshin kowane, na ɗaya, na biyu, har na bakwai. Wata rana na aro rikoda daga makaranta na ce a ɗauki muryarsa. Ka ture ta gefe da bayan hannu, ka ce kaset yakan cinye zare, kai kuma hannunka ya fi shi sauri. Na mayar da rikodar ran Litinin ina jin kunyar na raina maka.

Nakan hango ku daga kicin. Baba yana magana yana auna zurfi da hannuwansa, kai kuma kanka a sunkuye, bironka yana gudu. Yakan tsaya ya ce, "Malam, ka rubuta wannan? Wannan rijiya ya ba ni wahala." Ka ce, "Na rubuta, Baba, ci gaba." Idan azahar ta gabato sai ka ɗaga littafin ka karanta masa abin da ya faɗa, tiryan-tiryan, har da inda ya yi rantsuwa. Baba ya gyaɗa kai ya ce haka ne. Ni kuwa ban taɓa zama na saurara daga farko zuwa ƙarshe ba. Ga girki, ga takardun jarrabawa, kuma me zai sa in takura kaina, ga Malam yana rubutawa?

A daminar bara Baba ya faɗi a bakin ƙofa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Yana ji, yana ganewa sarai, amma in ya buɗe baki sai iska. Ka zo duba shi, ka riƙe hannunsa na hagu ka daɗe. Da na raka ka waje na tambaye ka littafin, ka ce, "Saura kaɗan, Jemima, gyara nake yi." A wannan karon ban yi dariya ba, amma na yarda. Na koma na gaya wa Baba, fuskarsa ta saki.

Bayan sadakar bakwai matarka, Goggo Kadijatu, ta aika in zo. Na same ta a ɗakin takaba, akwatin ƙarfe a gabanta. Ta fara da godiyar Fulatanci ta ce, "Useko, ɗiyata, na gode da zuwa. Ga kayan Malam. Ya ce duk takarda a ba ki, ke ce za ki gane." Na ɗora akwatin a bayan mashin na kai gida. Littattafan rubutu arba'in da ɗaya ne a ciki. Ban kula sauran ba, na zaro bakwai ɗin nan masu bangon siminti.

Na ɗaya ya fara da kyau. Muryar Baba ce, kamar yana zaune a gabana: yarintarsa a Iware, yadda kawunsa ya fara sauke shi rami da igiya a ƙugu, rijiyarsa ta farko da ta biyu da ta uku, har ya shiga ta huɗu. Shafi goma sha tara. Daga shafi na ashirin sai abu ya canza. Ka rubuta wuri da rana a sama, don halin hedimasta bai bar ka ba: "Nukkai, gindin mangwaro, Asabar, 15 ga Mayu, 1993." Ƙarƙashi layi ɗaya, "Baba ya ce da jakuna suka kwashe ƙasar." Daga nan sai shafi huɗu cur a kan wani littafi da za ka rubuta game da jakunan fatake. Wata Asabar Baba ya ambaci tsamiya, ka bar shi ka koma littafin ciyayi. Wata kuma ko layi ɗayan babu, direban tifarka ne yake faci a gefen hanya. Na bi littattafai bakwai shafi-shafi, ina cewa na gaba zai dawo kan Baba. Bai dawo ba.

Ashe duk lokacin da nake hango bironka yana gudu, ba maganar mahaifina yake bi ba. Ashe da kake ɗaga littafi kana karanta masa, daga ka kake karantawa, idonka a kan shafin jakuna. Na san kaifin ƙwaƙwalwarka, kai da kake kiran sunayen ɗaliban shekara talatin ba tare da rajista ba. Na tabbata ka riƙe kowace kalma, kuma na tabbata kullum kana gaya wa kanka gobe za ka zauna ka zuba ta a takarda. Ban ce ka yi niyyar cuta ba. Amma tsoho ya tambaye ka, da bakinsa, ko ka rubuta, ka dube shi ka ce ka rubuta. Ba sau ɗaya ba, Malam. Na ƙirga ranakun da ka sa a saman shafukan, sun haura ɗari da talatin.

Raina ya ɓaci, kuma har yanzu a ɓace yake. Ka ci amanar mutumin da bai iya duba takarda ya kama ka ba. Ka hana ni rikoda. Ka zo ka riƙe hannunsa bayan bakinsa ya rufe, ka san cewa duk duniya kai kaɗai ka rage da abin da ya faɗa, ka samu shekara guda da watanni, ba ka zauna ko yini ɗaya ba. A cikin akwatin na ga sabon littafi da ka buɗe a watan Agustan bana, a kan tsuntsayen bakin rafi. Ka yi masa bango mai kyau, har da sadaukarwa. Ina kuma jin haushin kaina, ni da aka haifa a gidan, ina da kunnuwa biyu, na bar su a kicin.

Na yi kwana biyar ina ɓoye wa Baba. Amma ya ga shigowar akwatin, kuma kullum na kawo masa kunu sai ya ɗaga hannun hagu yana kwaikwayon rubutu a iska. Ran Lahadi bayan coci na jingina shi da filo na ɗauko na ɗaya na fara karantawa. Ya lumshe ido yana gyaɗa kai. Inda ya yi rantsuwa, gefen bakinsa mai motsi ya yi murmushi. Shafi na goma sha tara labarin rijiya ta huɗu ce, a Sintali, wadda ta rufta da shi har ƙirji, masu gidan suka gudu neman taimako, wani makiyayi mai wucewa ya bar shanunsa ya sauka da igiya ya tone shi da hannu. Ba ka sa sunan mutumin ba. A gefen shafin ka rubuta da jan biro, "Zan sa sunan daga baya."

Nan na tsayar da karatun. Baba ya buɗe ido ya juya hannu, wai in ci gaba. Na duba shafin da ke biye, na rufe littafin, na ce bari in gwada daga abin da kunnena ya tsinta a wucewa. Na ce, "Baba, mutumin nan Sada ne sunansa?" Ya girgiza kai. Na ce, "Umaru?" Ya girgiza kai da ƙarfi. Ya buɗe baki, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, sunan yana nan a bakinsa ina gani, ya ƙi fita. Sai ya miƙa hannu ya jawo littafi na biyu ya ɗora mini a cinya, ya buga bangon da yatsa. Na ce, "Baba, babu a ciki. Babu a duk sauran." Ya daɗe yana kallona. Daga nan ya juya fuskarsa bango, kuma ranar bai sha kunun ba.

Da na koma gaida Goggo Kadijatu ban gaya mata komai ba, amma matar da ta zauna da kai shekara arba'in ba ta buƙatar bayani. Ta kama hannuna ta ce, "Ko mene ne kika gani, ki yafe masa. Kabari ba ya son nauyi." Na ce mata nawa na yafe, kuma da gaske nake, ko da yake sai na riƙa sabunta yafiyar kowace safiya. Mutumin da ya jawo gugan ƙasa yini guda don in yi karatu ba zan riƙe shi a zuciya ba. Sai dai babban haƙƙin ba nawa ba ne, ba ni da ikon bayar da shi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Goggo Kadijatu, da 'ya'yanka Siddiq da Bushra da nasu 'ya'yan, da jama'ar Sintali, da ɗaruruwanmu da muka wuce ta hannunka. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya tsare muku gida, ya sa albarka a abin da ya bari. Malam, Allah ya jiƙanka, ya yalwata maka makwanci, ya auna maka kowace wasiƙa da ka gama da kowane yaro da ka mayar aji, ya sa su rinjayi abin da ka bari a buɗe.

Ya Allah, kai kake jin maganar wanda ba shi da baki. Akwai wani tsoho kwance a Nukkai da ba zai iya cewa ya yafe ba, ko da yana so. Idan ya yafe a zuciyarsa, ka karɓa, ka isar wa Malam. Idan bai yafe ba tukuna, ka ba shi kwanakin da zai iya, kafin ka haɗa su. Amin.