Gorar Baba Hamani

Da fushina na taka har bakin kogi, zamanin mulkin soja ke nan. Na ji wai Baba Hamani, masuncin da ke koya wa ɗana Isufu iyo a nan Malanville, yana sayar wa yara layar hana nutsewa.

Na ce, "Baba, kuɗin watan da muke biya bai ishe ka ba, sai ka haɗa da laya?"

Ya yi dariya. "Ɗiyata, laya ta fi kawo kuɗi, amma yaron da ya rataya ta ba ya tsoron zurfi, sai ruwa ya ci shi. Gorar duma nake sayar wa yara, su rungume ta suna koyo."

Na sayi biyu, na koma gida hankalina kwance.

Masu koyar da iyo na yau, ku me kuke sayar wa iyaye? Ku faɗi gaskiya.