Goggo Hansai da Asalin Kukar Dundu

Bana shekara bakwai ke nan da muka kai Goggo Hansai makwancinta, kuma har yau ban san wanne daga cikin labaranta biyu ta so in riƙe ba.

Goggo yayar mahaifina ce. Da ganinta ya fara raguwa, na ɗauko ta daga ƙauyenmu, Kukar Dundu, na kawo ta gidan da nake haya a Gyaɗi-Gyaɗi cikin Kano don ta riƙa ganin likita. Ta zo da niyyar ɗan kwana biyu, ashe a nan ajalinta yake. Ba ta taɓa sabawa da birni ba. Ƙarar Adaidaita Sahu firgita ta take yi, ruwan 'yan garuwa kuwa cewa take ba ya kashe ƙishirwa. Hira ce kawai ta zaunar da ita. Bayan la'asar matan gidan kan taru a tabarmarta, tana tsinkar zogale tana ba su tarihin garinmu.

Abin da take faɗa musu shi ne wanda kowane ɗan Kukar Dundu ya sani. Malam Dundu ya taso daga gabas da gafakarsa, ya sauka a gindin babbar kukar nan, ya haƙa rijiya, ya kira salla, jama'a suka taru. Haka na ji tun ina yaro, haka kuma nake faɗa wa ɗalibaina a firamare in zance ya kawo.

Wata Asabar ta ce in raka ta Tarauni gaisuwa. Na ɗauka wata 'yar garinmu ce ta haihu. Da muka yi sallama, wani dattijo ya fito, Malam Yohanna, Kirista, tsohon ma'aikacin gwamnati. Yana ganinta ya durƙusa ya ce, "Yaya, ke ce da kanki?" Ni kuwa na tsaya ina kallon tsagen da ke kumatunsa, domin irin na mahaifina ne sak. Suka yi ta lissafa sunayen mamata da gonakin da ni kaina ban sani ba.

A hanyar dawowa na tambaye ta me ya haɗa mu da shi.

"Dundu," in ji ta.

"Malam Dundu?"

"Wane malam? Bamaguje ne, maharbi. A gindin kukar nan yake yanka wa iskokinsa baƙin bunsuru. 'Ya'yansa maza biyu. Namu ya musulunta, na su Yohanna ya ƙi, aka yi ta tsangwamarsu har suka tashi suka yi kudu."

Na ce to me ya sa take gaya wa mata wancan. Ta ce su baƙi ne. Bayan 'yan kwanaki na sake tayar da zancen ina son ƙarin bayani, sai ta juyo da fuskarta wajena ta ce, "Kai da wa kuka yi wannan hirar? Malam Dundu waliyyi ne." Ba ta ƙara yarda mun koma kan maganar ba. Amma duk lokacin da aka aiko mana da kuka da daddawa daga gida, sai ta ƙulle kason Malam Yohanna ta ce in kai. Da ta rasu, a tabarmar makoki ya wuni tare da mu, 'yan'uwana suna zaton abokin aikina ne. Ban gyara musu ba, don ni ma ban san da wane suna zan kira shi ba.

Bara ƙungiyar 'yan garinmu mazauna Kano ta zauna a Darmanawa. Shawarar ita ce a sare kukar, a gina Islamiyya a wurin, a sa mata sunan Malam Dundu. Shugabanmu, Alhaji Sabo, ya ce in tashi in ba matasa tarihi, tunda ni na zauna da Goggo. Na miƙe da niyyar faɗar wanda aka saba ji. Ban san yadda aka yi ba, sai na faɗi duka biyun.

Magana zarar bunu ce. Wani ya ce tsufa ne ya ruɗa ta. Wani ya ce boko ne ya ruɗa ni. Ƙanena ya biyo ni waje ransa a ɓace, ya ce muna da 'yan mata a gida, in masu binciken asali suka ji wannan, ni zan aure su? Ban iya ce masa ba shi da gaskiya ba. Baba Ilu kuwa, wanda ya girmi kowa a wurin, ya jira sai da aka watse. Ya kama hannuna ya ce, "Ashe Yohanna yana da rai?" Bai jira amsa ba ya wuce. An ɗage maganar sarar kuka, kuma har yanzu akwai masu amsa mini gaisuwa a daƙile.

Nakan tambayi kaina, da Goggo tana nan me za ta ce? Matar da ba ta wasa da azumin Litinin da Alhamis, na tabbata za ta yi murna da Islamiyya. Amma za ta yarda a kai gatari gindin kukar? Za ta yi mini faɗa don na tona abin da ta rufe, ko kuwa dama ta gaya mini ne don wata rana a samu mai faɗa? In ta so a sani, me ya sa ta musanta? In ta so a manta, me ya kai mu Tarauni? An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni ga furfura ta cika mini kai, ban hango ba.

Tarihin dai ta tafi ba ta warware mini shi ba, kuma waɗanda za su iya warwarewa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Abin da na tabbatar ta bari shi ne ba ta yarda hannu ya ruɓe a yanke a yar ba, ko da kuwa bakinta ya kasa faɗar sunan hannun a gaban mutane.

Malam Yohanna ya tsufa sosai yanzu. Watan jiya da na je gaishe shi ya roƙe ni in kai shi ya ga garin kafin ƙafa ta gaza, na ce bayan kaka. Ban san yadda zan gabatar da shi ba, ban san wa zai fito ya tarbe mu ba. Da na tashi tafiya ya ce, "Malam, in mun je, a gidan wa zan sauka?"

Wannan kaɗai ce tambayar da ban yi jinkirin amsawa ba. Na ce a ɗakin Goggo. Allah Ya jiƙanta.