Rakiyar da na tarar a bayan tafkin Madarumfa

Mun tashi da asuba daga tashar Maraɗi, ni da wata maƙwabciyata mai saro kifi, a cikin motar da aka cusa mu kamar goro a huhu. Jaka guda ta sefa direba ya karɓa a kowane kai. Ni zumunci ya tayar da ni: shekara huɗu rabona da ƙauyen ƙanena, can bayan tafkin Madarumfa.

Hanya ba laifi sai inda ruwa ya cinye ta. Amalanken mutanen Safo sai wuce mu suke, jakai na kallonmu kamar suna mana jaje. A bakin tafki muka karya da soyayyen kifi na dala ɗari, ga lambunan zogale da tumatir kore shar. Daga nan na hau kabu-kabu.

Duk ɗokina Rakiya ce, ɗiyar ƙanen nawa. Na bar ta tana shekara biyar, baki kamar kanari, tana ƙirga awaki tana gyara wa manya lissafi. Har kaye na rubutu da alƙalami na sayo mata.

Yarinyar da na tarar a bayan rumbu, ita kaɗai da kwanonta da moɗarta, ban gane ta ba. Ga tabon wuta a hannu. Na ce, "Rakiya, Gwaggo ce." Ta buɗe baki za ta amsa, sai idonta ya tsaya cak, tana taunar iska. Da ta dawo hayyacinta, ta manta abin da na ce.

Uwarta ta ja ni gefe. "Yaya, farfaɗiya ce, shekara uku ke nan. Kada ki taɓa kwanonta, an ce ana ɗauka ta yawu."

Wai tun kafin ta fara faɗuwa take irin wannan ɗaukewar, mushe, wato malamin ajinsu, yana dukanta a kan raini. Ranar da ta faɗi a lakwal, makarantar boko, yara suka watse, iyaye suka ce ko ita ko 'ya'yansu. An yi hayaƙi, an sha rubutu, an yanka baƙin bunsuru. Wurin likita kaɗai ba a je ba. Na ba ta alƙalamin, ta juya shi ta juya, harafin farko na sunanta ya gagare ta. Ƙanena ya sunkuyar da kai.

Washegari na sa shi gaba muka kai ta asibiti a Madarumfa. Malamin da ya duba ta ya saurare mu tsaf, sannan ya ce, "Hajiya, ba iska ba ce, kuma ba a ɗauka. Ciwon ƙwaƙwalwa ne. Ƙwaƙwalwar yaro gini ake yi, kullum ana ɗora tubali. Faɗuwa da wannan ɗaukewar suna katse aikin, kun kuma raba ta da karatu da wasa da hira. Da me za ta ginu?"

Na tambaye shi ko basirarta za ta dawo. Bai yi min alkawari ba. Ya ce yara da yawa suna samun sauƙi idan ana shan magani kullum ba fashi, amma shekarun da aka bari sun yi ɓarna. In ta faɗi a kwantar da ita ta gefe, kada a tura mata cokali a baki. Ƙanena ya dubi ƙwayoyin a tafin hannunsa ya ce, "Yanzu wannan ne? Nan kusa da mu?" Sai hawaye.

Da rana na jawo ta muka ci tuwo kwano ɗaya, matan gida suna salati. Na je na ga mushen da ke lakwal yanzu, ya yarda ta koma aji, ko da a baya za ta zauna.

Na iso Maraɗi da la'asar. Tafiyar ta koya min cewa tsoronmu ya fi ciwon cin yaro. Kuma ban isa in zargi kowa ba. Bara wani yaro ya faɗi a ƙofar gidana yana kumfa, ni ce na fara janye jikokina na rufe ƙofa. Ko ajiye jaka ban yi ba, na fita tambayar gidan su yaron nan.