Mai Ƙararrawar Majalisa

A kusurwar zauren majalisar birni, nesa da teburin kansiloli, wani magidanci yana zaune da ƙararrawa a gabansa. Wata sabuwar kansila da ke kallonsa ba ta san sunansa ba, kowa "mai ƙararrawa" yake ce masa. Wuyan rigarsa ya sha guga har ya fara zarewa, ƙafar tabaransa ɗaya kuma da zare aka ɗaure ta. Aikinsa ɗaya ne: duk mutumin gari da ya tashi kawo kuka, in mintinsa uku sun cika, ya kaɗa masa.

Yau wata tsohuwa ce a tsaye, bakin zanenta duk laka. Tana gaida shugaba, tana gaida kansiloli ɗaya bayan ɗaya, har da tambayar iyali. Lokacinta yana ta tafiya a gaisuwa.

"To, 'ya'yana, ruwan kwatar nan da ke shigo mini ɗaki..."

Shugaba ya dubi agogo, ya dubi mai ƙararrawa. Shi kuwa ya sunkuyar da kai, ya rufe ƙararrawar da tafin hannunsa kafin ya danna, don kada ta yi ƙara sosai.

"Yi haƙuri, Iya," in ji shi ƙasa-ƙasa.

Wataƙila yana da tsohuwa irinta a gida, wadda bai taɓa katse wa magana ba tun da aka haife shi.

Kansilar ta ja hannunta ta ɓoye a ƙarƙashin tebur. Shi ne hannun da ta riga kowa ɗagawa ranar da aka ce a rage wa jama'a lokaci, don a riƙa tashi da wuri.